Buɗe Jakarki, Anti Lamiley

Tun masu shara ba su gama goge baranda ba Anti Lamiley Quartey take sauka daga motar haya ta trotro a bakin kamfaninmu na gwajin jini da ke unguwar Adabraka a Accra, baƙar jakarta maƙale a hammata. Gaisuwa ba ta gabanta tukuna, kwandunan shara ne farko. Ta sa safar hannu ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tonawa, ko wani mai ganganci ya jefa sakamakon wani bawan Allah bai bi da shi ta injin yayyaga takarda ba. Daga nan sai tebura. Ta ɗaga wannan, ta leƙa ƙarƙashin wancan, don ta san halinmu sarai: mutum ya rubuta lambar sirrin kwamfutarsa a 'yar takarda, ya manna a inda yake ganin shi kaɗai ne mai wayon sani. Sai ta gama kaf sannan ta ɗago kai, ta dube mu ta saman tabarau ta ce, "Kun tashi lafiya?" Mu amsa a ciki-ciki, kowa yana tuna abin da ya bari a buɗe jiya.

A takarda, jami'ar tsare bayanai ce. A bakinmu kuwa sunanta Kwastan. Ni da nake ɗibar jini a wurin tun kafin a yi mana bene na biyu, ban taɓa jin wanda ya ce ya yi kewarta ran da ba ta zo ba. In ta shigo ɗakin cin abinci, hira sai ta mutu, kowa ya duƙufa kan wakensa da shinkafa kamar an aiko shi. Ita ma ba ta damu ba, ko kuma ta damu ba ta nuna ba. Ta zauna can gefe ta kwance dokununta, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta ci, ta wanke hannu, ta fita.

Abin da ke hannunmu kuwa abu ne mai kashe aure da tsinka zumunci. Saurayin da ya lallaɓo gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da matar da ta gaji da gorin dangi kan haihuwa, da magidancin da ke son ya tabbatar ko yaron da ke kiransa baba nasa ne, duk sunayensu da lambobin wayarsu suna kwance a cikin injunanmu. Mu muna ganinsu a matsayin aikin yau da gobe. Anti Lamiley kaɗai ce take kallon kowace takarda kamar mai ita yana tsaye a bayanta.

Wata rana aka yi wa wata abokiyar aikinmu bikin zagayowar haihuwa, muka jeru a gaban kek aka ɗauke mu hoto. Kafin a tura wa kowa sai ga hannun Anti. Ta karɓi wayar, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta yi ta buɗawa har fuskar kwamfutar da ke bayanmu ta fito, ga sunan wani mutum da sakamakonsa ɓaro-ɓaro.

"Goge," in ji ta.

"Haba Anti, wa zai duba can?"

"Ni na duba. Ko ni kaɗai Allah ya ba ido a Accra?"

Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ma ya sha. Mutum ya zo da rigar kamfaninsu da tambari a ƙirji, ta zaunar da shi a benci ta kira ofishinsu. Lambar da ya miƙa mata kuma ba ta taɓa ta, sai ta je ta nemo wadda ta sani tun asali. Ya ce, "Madam, sau nawa ina zuwa gidan nan?" Ta ce, "Sau nawa ka zo ban kira ba?" Kuma kullum shi ɗin ne, ba a taɓa samunsa da ƙarya ba. Da yamma sai ta ja kujera bakin ƙofa, kowa ya buɗe jaka kafin ya fita, ko akwai takarda ko filas ɗin kwamfuta na kamfani. Har Dakta Wiredu, mai kamfanin da kansa, sai ya zuge tasa yana ƙunƙuni.

Ke ce, Anti, kika ɗauki baƙin jinin da ba wanda zai iya ɗauka. Sau dubu kin bincika ba ki sami komai ba, sau dubun nan mun yi miki dariya, kuma washegari kin sake sa safar hannu. Ƙofa mai sakata biyu, wadda ba ta san ɗan gida ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da Dzifa.

Wata safiya wata mata ta faɗo mana a fujajan. Ba zan faɗi sunanta ba, ko sana'arta, ko gwajin da ta yi. In na faɗa, Anti za ta biyo ni har gida, ritaya ko ba ritaya ba. Matar ta dangwara wayarta a kan tebur. Wani ne ya turo mata hoton takardar sakamakonta, mai ɗauke da tambarinmu, ya ce in ba ta sallame shi ba zai aika wa dangin mijinta da matan cocinsu. Tana kuka tana cewa, "Ku na ba jinina! Ku kaɗai kuka sani!" Kafin mako ya ƙare, wasu ma suka zo da irin wannan kuka.

Nan take ido ya koma kan Dzifa Agbenyo, mai teburin karɓar baƙi. Ita ke sa kowane sakamako a injin kwafi, ita ke kiran masu shi a waya, kuma sa hannunta ne a ƙasan duk takardun da aka turo. Ga shi ta sayi sabuwar waya ba da daɗewa ba. Kai, bakin mutane! Waɗanda jiya suke cin soyayyen ayabarta su ne suka fara cewa dama sun ga take-takenta. Dakta Wiredu ya ce ran Juma'a zai miƙa ta ga 'yan sanda. Mace mai ɗa ɗaya, ba miji a gida, in aka fita da ita da ankwa daga wurin gwajin jini, ba asibitin da zai sake ba ta ko aikin shara a garin nan.

Kada ku zaci Anti ta rungume ta. Ɗaki ta ja ta, ta kulle, ta ce ta buɗe wayarta. Ta karanta komai, har saƙonnin da ke tsakaninta da mai neman aurenta, har hotunan da ba a nuna wa uwa. Muna jiyo muryar Dzifa ta bango.

"Anti, kin fa san ni. Ke kika ɗauki ɗana ran suna."

"Ban san kowa ba. Buɗe wancan ma."

Ba ta sami komai ba. Ta hau sama ta gaya wa Dakta haka.

"To ta iya ɓoyo ke nan," in ji shi.

"Ko kuma ba ita ba ce."

"Ikon Allah! Lamiley, ke da ba ki yarda da inuwarki ba, yau ke ce lauyarta?"

"Ban yarda da ita ba, Dakta. Amma amsar da ta zo da sauƙi haka, ita ma ban yarda da ita ba. Ka bar ni zuwa Juma'ar."

Ta roƙi mutanen nan su bar mata hotunan, ta jera su a fuskar kwamfutarta tana buɗawa da yatsu biyu yadda ta saba. Abu na farko da ya tsaya mata a rai, duk gwaje-gwajen tsofaffi ne. Wanda ke zaune a teburin Dzifa kullum sabo yake gani, me zai kai shi tonon na bara? Sai kuma ta ga na biyun. A gefen hagu na kowace takarda akwai wani siririn baƙin layi daga sama har ƙasa. Kowa a gidan nan ya san layin nan. Tsohon injin kwafinmu ne yake yin sa, saboda wani ƙarzanen da ke jikin gilashinsa. Sabon injin ba ya yi.

Irin waɗannan injuna suna da faifan ajiya a cikinsu, duk takardar da aka ɗora a kai sai sun riƙe hotonta. Anti ta san haka tun da can. Lokacin da aka sauya injin tana kwance a asibiti an yi mata aikin ido. Da ta dawo ta tarar da sabo, ta hau sama ta tambaya. Ta iske Dakta cikin baƙin zane, bai daɗe da binne mahaifiyarsa ba, idanunsa jajur. Ya ce mata, "An mayar wa masu shi, sun goge komai." Ta buɗe baki za ta ce ya nuna mata shaida, ta dubi fuskarsa, ta haɗiye maganar, ta yi masa ta'aziyya ta sauko. A iya sanina, sau ɗayan nan ne aka gaya mata magana ta karɓa ba ta duba ba.

Ta sami Wofa Essel, direban kamfani, a bayan gida yana fama da dokunu da soyayyen kifi. Ta zauna kusa da shi, abin da ba ta taɓa yi ba. Loma ta tsaya masa a hannu.

"Wofa, tsohon injin kwafi, ina ka kai shi?"

"Wane inji kuma? Injunan gidan nan ai da yawa."

"Mai baƙin layi."

"Ai wannan... an daɗe fa, Anti. Kaina ya tsufa."

"Kanka bai manta gidan kowace mai sayar da kifi daga nan har Tema ba. Ran Juma'a za a sa wa Dzifa ankwa. Kai za a ce ka tuƙa ta zuwa ofishin 'yan sanda. Ka ci abincinka."

Ta miƙe. Ba ta yi taku uku ba ya kira ta. Ashe Mpraeso ya kai shi, garinsu Dakta. Da za a yi jana'izar Maame, tsohuwar Dakta, littafin tarihinta mai hotuna da ake raba wa masu makoki bai isa ba, mutane sun yi yawa. Dakta ya ce a ɗauko injin ofis a ƙara bugawa a can. Ran jana'iza kuwa, ana cikin shelar gudummawa a lasifika, wane ya ba da kaza, wance ta ba da kaza, zuciya ta ɗebi Dakta ya sa aka yi shela cewa kamfaninsa ya bar wa cocin marigayiya injin nan kyauta, don tunawa da ita. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Da ya dawo Accra ya san abin da Kwastan za ta ce, sai ya zaɓi gajeriyar hanya.

Ta sake hawa sama. Wannan karon ta rufe ƙofa, amma muryar Dakta ba ta san ƙofa ba.

"Gudummawar jana'izar uwata za ki je ki karɓo? A gaban dangina? An yi shela da sunana, Lamiley! Kina so a ce ɗan Maame ya ba da kyauta a kan gawa ya aiko a ƙwace?"

"Injin ba na so, su riƙe abinsu. Cikinsa nake so."

"Duk ɗaya ne a idonsu!"

"To ka zaɓa, Dakta. Ko a yi da kai a Mpraeso na ɗan lokaci, ko yarinyar nan ta kwana a bayan kanta a kan abin da ni da kai muka yi."

Can muka ji ya kira Wofa Essel a waya ya ce ya sha mai.

Wofa Essel ne ya ba mu labarin sauran, kuma har yau in yana bayarwa sai ya ajiye hularsa. Ta ɗaura baƙin zane, ta sayi kwalbar barasar da ake kai wa manya in za a roƙi abu, suka hau dutsen Kwahu, inda Mpraeso take. Babban dangin su Dakta, wani tsoho mai sanda, ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce kyautar makoki ba a taɓa ta, wanda ya taɓa ya raina mamaciya. Wofa ya ce sai ya ga abin da bai taɓa zaton gani ba. Matar nan da ba ta taɓa cewa don Allah a ofis ba, ta zube gwiwa biyu a ƙasa, ta ɗora bayan hannunta na dama a tafin hagu.

"Nana, ni ma na binne uwa. Ban zo in ɗauki ko ƙusa ba. Amma a cikin injin nan akwai asirin mutanen da ba su san Maame ba, ba su yi mata laifin komai ba, ana bin su da shi gida-gida. Da tana raye, za ta yarda a yi haka da sunanta?"

Sai tsohon ya aika a kira mai kula da coci ya zo da makulli.

Suka tarar da injin a ofishin coci, an lulluɓe shi da farin leshi, an manna masa sunan marigayiya. Ta ɗauke leshin ta ninke da ladabi, ta kwance murfin baya, ta haska. Gurbin faifan wayam. Mai kula da coci ya ce ai injin ya taɓa tsayawa, suka kira wani mai gyara daga garin Nkawkaw, ya cire wani ɗan ƙarfe ya ce ya ƙone, ya tafi da shi. Ba ta ce a kai ta shagonsa ba, don ta san in ya ga baƙuwar fuska zai watsa abin ko ya gudu. Ofishin 'yan sanda ta nufa. Kafin la'asar an same shi da faifan a jone da kwamfutarsa. Ta tsaya a kansu har aka tattara duk inda ya kwafa, ba ta yarda ko ɗan sanda ya buɗe hoto ɗaya don son gani ba.

Ran Juma'ar da aka ce za a kama Dzifa, Dakta ya tara mu ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Anti ce ta matsa masa ya kira mutanen da abin ya shafa ɗaya-ɗaya da bakinsa, ya gaya musu gaskiyar yadda aka yi. Da ya gama ita ma ta miƙe ta ce, "Ni ma da nawa. An gaya mini magana, na ji nauyin mai faɗa, ban duba ba." Ba wanda ya nemi ta faɗi haka.

Dzifa kuwa ba ta gode mata ba. Ina fa! Ta daɗe ba ta gaishe ta, in sun haɗu a matakala sai ta kau da kai, kuma ban ga laifinta ba. Matar da ta cece ta ita ce matar da ta karanta mata ciki da bai. Anti ba ta nemi sulhu ba. Abin da ta yi kawai, da Dakta ya ce ta nemi wanda za ta koya wa aikin, sai ta ce Dzifa take so. Ya ce don me? Ta ce don ta ɗanɗana zargi, ba za ta yi wasa da shi ba. Kamfani ya tura Dzifa karatu, ta dawo suka zauna ɗaki ɗaya shekara da shekaru, maganarsu ba ta wuce ta aiki.

Ran Juma'ar da ta wuce muka yi wa Anti walimar ritaya. Kowa da fararen kaya, ga dafa-duka, ga kaji, ga jawabai. Dakta ya yafa mata zanen kente, ya ce ba don ita ba da tuni an rufe gidan nan. Ta saurara fuska ba yabo ba fallasa, kamar tana jira ya kawo shaida. Da aka tashi ta saɓa baƙar jakarta, muka yi layi muna tafi, aka buɗe mata hanya har bakin ƙofa.

A nan ta tarar da Dzifa zaune a kujerar nan ta binciken jaka.

"Anti, buɗe jakarki."

Tafi ya tsaya cak. Wani ya ce, "Haba Sista Dzifa, yau ma? Ramuwa ce?" Dakta ya yi gyaran murya. Dzifa ko kallonsu ba ta yi ba. Anti ta ɗora jakar a tebur ta zuge. Lema, maganin ido, Littafi Mai Tsarki, ragowar nama a leda. Dzifa ta duba ko'ina, ta girgiza littafin, ta shafa rufin jakar. Har ta tura mata, sai ta dakata.

"Gidan tabarau."

Anti ta miƙa. Dzifa ta buɗe, ta ɗaga ɗan ƙyallen goge gilashi, sai ga filas ɗan ƙarami kwance a ƙarƙashinsa.

"Babu komai a ciki," in ji Anti a hankali. "Ga kwamfuta nan, sa ki gani."

"Filas ɗin da ban san inda ya kwana ba zan sa a injinmu? Allah ya sawwaƙe. Wofa, miƙo min guduma in farfasa shi."

Sai Anti Lamiley ta fashe da dariya. Mu da muka yi shekaru da ita ba mu san tana da wushirya ba sai ran nan. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye, ta ce, "Gwada ki na yi. Da kin bar ni na wuce, ko da kin sa shi a injin, da Litinin kun gan ni da safar hannu." Ta kamo Dzifa ta rungume. Dzifa ta yi tsaye ƙiƙam na ɗan lokaci, sannan ta kifa kai a kafaɗarta ta saki kukan da ta riƙe tun ran da aka kulle ta a ɗakin nan.

Mun gode, Anti. Mun gode da kwandunan sharar da kika tona, da cin abincin da kika yi ke kaɗai, da gwiwar da kika kai ƙasa a Mpraeso. Allah ya ba ki lafiyar ido, ya sa ki yi barcin da ba kya tashi duba ƙofa. Ku kuma da ke riƙe da asirin mutane a bankuna da asibitoci da ofisoshi, in kuna da irinta a cikinku, ku daina yi mata tsaki, ku buɗe jaka. In ba ku da ita, wani a cikinku ya daure ya zama ita, kuma ya tambayi mai gida shaida ko da ya same shi cikin baƙin zane.

Matar nan da ta faɗo mana da kuka tana nan cikin Accra, aurenta yana nan, tana zuwa cocinta kai a ɗage. Wataƙila gobe ku zauna kujera ɗaya da ita a trotro, ta miƙa muku canjinku, ku rabu ba ku san ita ce ba. Aikinki ke nan, Anti Lamiley.